Shunina ya yi duhu a zauren baje koli, ko an lalata min aiki?

Tambaya: Malam, ina haɗa rini da zane a kan farin yadi. An saka ayyukana uku a wani baje kolin fasahar zamani a Legas, wanda jigonsa launi da al'ada ne. A marina shunin yana ɗaukar ido, amma da aka rataye su sai ya koma kamar baƙi. Wani ya ce in sa a ƙara fitilu masu ƙarfi, ko in shanya su a rana, ko a fesa musu man sheƙi. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, babu wanda ya taɓa miki aiki. Ki fara duba kwan fitilar zauren. Yawancin irin waɗannan wurare suna sa kwai mai haske ruwan ɗorawa, wajen kelbin (ma'aunin launin haske) 2700 zuwa 3000, kuma shuɗin da ke cikinsa kaɗan ne. Yadi ba ya mayar wa ido launin da ba a haska masa ba. Ke kuwa a hasken rana kika saba ganinsa.

Sai launukan da ke maƙwabtaka da shi. A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai mai suna Chevreul shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta Faris, masaƙa suna ta ƙorafin cewa baƙin zaren da ake ba su ba ya da ƙarfi. Da ya bincika sai ya ga rinin lafiya lau yake, shuɗi da shunayyar da ke gefensa ne suke sauya yadda ido ke ganinsa. Haka ke ma, in farin bango fat ne a bayan aikinki, yana ƙara masa duhu.  Wani mai fasaha, Olafur Eliasson, ya yi wani ɗaki a 1997 da fitilu masu launi ɗaya, rawaya, duk wanda ya shiga sai ya ga tufafinsa sun koma toka-toka da baƙi, in ya fito kuma ya riƙa ganin shuɗi-shuɗi na ɗan lokaci. Babu rigar wanda ta canza.

Amma batun rana da man sheƙi, wallahi shi ne yake cin raina, don kusan kullum sai na ji shi. Haske ba ya farfaɗo da launi, cinye shi yake yi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ɓarnar tana taruwa ne kamar bashi: fitila mai ƙarfi ta mako guda daidai take da mai rauni ta watanni. Shi ya sa gidajen tarihi suke tsayar da hasken yadi da zanen takarda a wajen lukus (ma'aunin ƙarfin haske) 50, zanen fentin mai kuma wajen 200. Gaskiya shuni ya fi yawancin rinin gargajiya juriya, amma ja da rawaya, in kin haɗa su da shi, su ne za su fara koɗewa, zaren audugar ma ya yi rauni. In kin ce ai a marina ana shanya, shanyar bushewa ce ta 'yan awoyi, ba ta makonni ba.

Masu fesa mai kuwa, an taɓa kawo min wani turkuɗi da wani mai kiran kansa gwanin gyara ya shafe da man da kafintoci ke sa wa katako. Ya sandare kamar busasshiyar fata, bayan shekara ya yi ja-ja, ƙura ta manne, kuma ba hanyar cire shi ba tare da an tafi da shunin ba. Ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Sheƙin turkuɗi a mabuga ake samunsa, da bugu da garin shuni, kakanninmu ba su taɓa neman gwangwanin feshi ba. Mutumin da bai san bambancin katako da auduga ba, me zai sa ki miƙa masa aikin wata uku?

Ki je wurin mai kula da baje kolin, ki roƙa a sauya kwan da ke kan ayyukanki da LED mai fari tsaka-tsaki, wajen kelbin 4000, ba tare da an ƙara ƙarfinsa ba. In sun yarda, a sa allo ruwan toka a bayansu. Kuma nan gaba ki sa sharaɗin haske a rubuce kafin ki ba da aiki.