Kada ka cusa wa soket ɗin nan fil mai kusurwa huɗu

Ɗana, saƙonka ya same ni a Bur Sudan bayan sallar isha'i. Ka ce: "Usta, na gama ɗan bod ɗin da zai maye gurbin aisin 27C256 (ɗan guntun ƙwaƙwalwa mai ƙafafu 28) na sikelin ɗan kasuwar riɗin nan. Akwai filolin nan masu kusurwa huɗu a durowa, na gwada tazararsu ta yi daidai da ramukan soket. In sa su?"

A'a, kada ka sa. Mayar da su durowa.

Tazarar ce ta ruɗe ka, kuma ba kai kaɗai ta taɓa ruɗa ba. Tsakanin ƙafa da ƙafa milimita 2.54 ne, a jikin aisin da a jikin filolin duka, shi ya sa kake ganin kamar don juna aka yi su. Amma ɗauki tsohon aisin ka dubi ƙafa ɗaya ta gefe. Falle ce, kamar ganyen dabino. Faɗinta bai kai rabin milimita ba, kaurinta kuwa wajen 0.25. Fil ɗin da ke durowa 0.64 ne ta kowane gefe, in ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ya kai 0.9. Wato zaka tura wa soket abin da ya ninka kaurin da aka yi shi dominsa sau biyu da rabi.

Yanzu haska tocila cikin ramin soket ɗin sikelin. Za ka ga 'yan leɓɓa biyu na ƙarfe suna fuskantar juna. Su ne sifirin ɗin da ke matse ƙafar aisi, kuma matsewar nan ita ce duk aikin soket. Fil mai kauri zai shiga, har ka ji daɗi don ya kama gam. Ranar da ka cire shi ne za ka gane ɓarnar: leɓɓan sun buɗe, ba za su koma ba. Ka mayar da aisin asali ya riƙa rawa a ciki kamar haƙorin tsoho.

Ni ma na taɓa yin wannan gyaran gangar auzinawa, tun ina ƙarƙashin nawa maigidan. Sikeli ne shi ma, ana tsakiyar kakar riɗi a Gadarif, lokacin da mai sikeli ba ya iya haƙurin yini ɗaya. A kan teburi ya yi aiki lafiya lau. Da aka kai shi kasuwa, duk sanda aka jefa buhu a kai sai lambobi su ɗauke su dawo. Mutumin ya zo yana cewa mun sa ana zarginsa da tauye mudu. Kwana biyu muna bin waya ɗaya bayan ɗaya, ashe rami uku ne na buɗe a soket. Sai da na zauna na cire ƙafafu 28 daga bod mai fuska biyu, layi ɗaya na jan ƙarfe ya ɗago a hannuna, na ɗinke shi da siririyar waya. Garin neman gira na kusa rasa ido. Maigida bai ce min komai ba, kawiyar, wato ƙarfen narka dalma, kawai ya miƙo min ya fita shan shayi.

Abin da ya dace shi ne fil mai zagaye, irin wanda ake fiƙewa da inji, mai kaurin wajen 0.5. Akwai saura a gwangwanin da ke bayan mita, layi-layi, kana karya adadin da kake so. Lura da kyau, yawancinsu bakinsu biyu ba ɗaya ba ne: gefe ɗaya siriri, ɗayan ya ɗan fi kauri. Siririn ne na soket, mai kaurin shi ne zai shiga bod ɗinka ka zuba masa dalma. In ka juya su, ka koma gidan jiya. Kada ka yarda da ido, sa ma'aunin kauri.

Su ma suna da halinsu. Ba sa son lanƙwasa. Ƙafar aisi ka lanƙwasa ta ka miƙe, ta haƙura. Wannan kuwa sau ɗaya ko biyu ya ɓalle daga gindi. Don haka idan za ka cire bod ɗin, ka ɗaga wannan ƙarshen kaɗan da sukuddireba mai faɗin baki, ka koma wancan, a hankali har ya fito a miƙe.

Da a ce soket ɗin sikelin irin mai zagayayyun ramuka ne, da tambayar ma ba ta taso ba, don fil mai kusurwa huɗu ba ya shiga cikinsa sai da ƙarfin tsiya. Akwai kuma filoli falle da ake bugawa da siffar ƙafar aisi sak, su ne suka fi tausaya wa soket mai leɓɓa, amma ban gan su a shagunan da na zaga nan ba.

Dabarar da nake so ka riƙe ita ce ta soket na tsakiya. Ɗauki sabon soket mai ƙafa 28, ka dasa bod ɗinka a kansa, sannan shi ka dasa a na sikelin. Duk cirewa da mayarwar da za ka yi wajen gwaji, na tsakiyan ne zai sha wahala, in ya gaji a jefar. A halin da ake ciki tun 2023, da kaya ba sa zuwa daga Khartum kamar da, soket ɗin da ke manne a injin mutane ya fi komai tsada a wurinmu. Sai dai ka auna tsayi tukuna, ka tabbata murfin zai rufu.

Wajen zuba dalma, kada ka riƙe filolin da hannu. Jera su cikin wani mataccen soket, layi biyu, tsakaninsu milimita 15.24, ka ɗora bod ɗin a kai. Kama kusurwa huɗun tukuna, ka duba ya zauna daidai, sannan sauran. Kada kawiya ta daɗe a kan fil ɗaya, robar tana narkewa fil ya karkace. Tunda bod ɗinka fuska ɗaya ne kuma filolin ƙasa za su kalla, jan ƙarfen yana sama, to ka sake duba zanenka bai fito a juye ba.

Batun filoli masu ruwan zinariya da ka tambaya a ƙarshe: dubi launin leɓɓan soket. In farare ne, kuza ce, ka sa fil mai kuza. In rawaya ne, ka sa mai zinariya. Haɗa biyun yana kawo datti a mahaɗar bayan an daɗe, musamman a injin da ke girgiza. A nan bakin teku, da gishiri da laima, ina ganin abin da idona a kayan da ake kawowa gyara. Ku a can ƙura ce da damina, ita ma ba ta raga wa kowa.

Kafin ka ba shi wuta, sa mita: ƙafa ta 14 ƙasa ce, wato negetif, ta 28 wuta. Kuma tunda aisin 28C256 ka ɗora a bod ɗinka, duba ƙafa ta 1 da ta 27 sau biyu, don a nan ya bambanta da tsohon. Ka yi wa ƙafa ta 1 alama da farin fenti, yadda wanda zai buɗe sikelin bayanmu ba zai dasa shi a juye ba. Ka turo min hoto kafin ka rufe murfin.