Sabar ARM da tsofaffin kwamfutocin kanti: za su jitu?

Tambaya: Malam, ni ke kula da kwamfutocin wani kantin magani a Mabera, Sakkwato. Rumbun bayananmu na PostgreSQL yana kan tsohuwar kwamfuta mai Intel, tana shanye batirin sola tun kafin la'asar. Ina so in mayar da shi kan ƙaramar na'ura mai furosesan ARM maimakon Intel. Manhajar da masu sayarwa ke amfani da ita ta Windows ce, mai bit 32. Za ta ci gaba da aiki?

Amsa: Za ta yi, Malam. Manhajarka ba ta leƙa cikin saba, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, don ta ga wane furosesa ke ciki. Saƙo take aikawa ta ƙofa mai lamba 5432, cikin yaren da PostgreSQL ta tsayar tun 2003. Yaren nan ya ƙayyade har yadda ake jera lambobi a kan waya, don haka Intel ne ko ARM, ba ruwan mai karɓar kuɗi a gaban tebur.

Inda ake tuntuɓe daban ne. Direban ODBC, ɗan abin da ke haɗa manhajarka da rumbun bayanai, yana bin manhaja ne, ba saba ba. Tunda taka mai bit 32 ce, direban ma mai 32 za ka saka, ko da Windows ɗin mai 64 ne. Wani abin ban haushi: wurin saita mai 32 yana cikin jakar SysWOW64, na mai 64 kuma yana System32. Sunayen a juye suke, sun sha ɓatar wa mutane da yini guda.

Duba kuma shekarun direban. Daga PostgreSQL 14, kalmar sirri da wani tsari mai suna SCRAM ake kulle ta, tsohon direba kuwa bai san shi ba. Zai ƙi shiga, sai ka ɗora wa ARM laifin da ba nasa ba.

Wajen ƙaura ne nake ja maka kunne. Kada ka kwafi jakar bayanai a filasha ka liƙa wa sabuwar na'ura; fayilolin nan an rubuta su ne daidai da tsarin tsohuwar. Yi amfani da pg_dump, kayan aikin PostgreSQL na fitar da kwafin bayanai, bayan an rufe kanti, ka loda a sabuwar, ka ƙirga kayan da ke rumbu ka gwada da na jiya. Bar tsohuwar a kashe amma a ajiye har mako biyu.

Kuma ka saka bayanan a faifan ajiya na SSD, ba katin memori ba, sannan ka nema wa na'urar fanka. Zafin Afrilu na Sakkwato ba ya ƙyale ƙaramin akwati a rufe.