Tambaya da Amsa: Gilashin Kyamarata Yana Gumi a Ƙarƙashin Ruwa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ban daɗe da fara nutso a teku ba, kuma na sayi kyamara da akwatinta na shiga ruwa. Sau biyu ke nan, da na kai kamar mita 12 sai gilashin ya yi hazo daga ciki, hotuna su fito dishi-dishi. Jiya da na buɗe har na ga ɗigon ruwa a ƙasan akwatin. Ya lalace ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai. Kafin komai, in ka sake ganin ɗigon nan, dangwala da yatsa ka ɗanɗana. In babu gishiri, gumi ne. In da gishiri, teku ce ta shigo.

Gumin daga iskar da ka rufe a ciki yake fitowa. In ka rufe akwatin a wuri mai zafi da laima, kyamara ta ƙara ɗumi da aiki, ruwan ƙasa kuma ya sanyaya gilashin, sai raɓa ta kwanta masa. Ni a ɗaki mai sanyi nake haɗa kayana tun da dare, in sa ƙullin silika mai shanye laima guda biyu a ciki, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi. A kan jirgi kuwa jiƙaƙƙen tawul nake rufa wa kyamarar, ba na barin rana ta taɓa ta.

Inda na fi so ka natsu shi ne zoben robar nan da ke bakin murfi. Shi kaɗai ne tsakanin kyamararka da ruwa, kuma a mita 10 matsin da ke kansa ya ninka na saman ruwa sau biyu, a mita 20 sau uku. Gashi ɗaya ya ishe shi. Na taɓa rasa kyamara saboda wani siririn zaren tawul da ya gitta a kan zoben, wallahi sai da na haska tocila sannan na gan shi, bayan aikin gama ya gama. Tun ranar ba na haɗa kaya cikin gaggawa. Ka matse zoben da yatsu biyu ya taso, kada ka sa wuƙa ko farce. Goge shi, goge ramin da yake zama, ka shafa masa man silikon ɗan kaɗan, ya yi sheƙi kawai. Man ba ya toshe ruwa, santsi yake ba robar, in ya yi yawa ma yashi yake kwasowa.

Yanzu dai ka cire kyamarar, ka sa busasshiyar takarda a akwatin, ka nutsa da shi haka nan ka danna duk maɓallan. In takardar ta fito a bushe, akwatinka lafiya lau. Kada kuma ka yi tsalle cikin ruwa da kyamara a hannu, ka shiga tukuna a miƙo maka. Bayan ka fito ka jiƙa akwatin a ruwan daɗi yana rufe, don gishiri in ya bushe yana cin roba.

In kuwa wata rana ka ga ruwa yana taruwa kana can ƙasa, don Allah kada ka yi sama da gudu, huhunka ya fi kyamara. Juya gilashin ya kalli ƙasa don ruwan ya taru a can, ka sanar da abokin nutsonka, ku hau a hankali. Da ka fito, cire batir da katin hotuna, kuma kada ka kunna ta don gwaji.