Amsa: Python ya ce babu fayil ɗin, alhali yana nan

Malam, sannu da ƙoƙari. Ka ce shirinka na Python yana karanta jerin sunaye daga wani fayil, ya buɗe kowanne, amma da ya iso kan ƙididdigar_ɗalibai.csv sai ya ce babu shi. Ni ma abin ya taɓa cin mini yini guda nan Damagaram, ina haɗa sakamakon jarrabawa na wata makaranta a unguwar Birni.

Laifin ba na sunan ba ne. Tun Python 3.6 sunayen fayil a Windows ba su da matsala da haruffanmu. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen karanta jerin. In ba ka faɗa wa Python tsarin haruffan da zai bi ba, a Windows mai Faransanci zai karanta da tsarin cp1252, wanda ya san é da ç amma bai san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba. Sai ƙ ɗinka ta rikiɗe ta koma Æ™, shirin ya tafi neman sunan da babu shi. Ka ƙara encoding="utf-8" (tsarin da ya san haruffanmu) a cikin open, umarnin da kake buɗe jerin da shi, ka buga sunan a allo ka gani da idonka.

Hanyar fayil kuma, daina haɗa ta da hannu. A "C:\takardu" Python yana ɗaukar \t a matsayin tazara. Yi amfani da pathlib, sashen Python mai haɗa hanyoyin fayil.

Don Allah kada ka bi shawarar masu cewa ka mayar da ƙ zuwa k. Ƙasa da kasa ba abu ɗaya ba ne, kuma kwamfuta tana iya riƙe rubutunmu yadda yake.