Kano zuwa Abuja minti 45 ne: za mu samu jirgin dare kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Tudun Wadan Zariya nake. Zan raka mahaifina Turkiyya ganin likita a watan Janairu, jirginmu zai tashi daga Abuja ƙarfe 9 na dare. Wanda ya yankar mana tikiti ya ce Kano zuwa Abuja minti 45 ne kacal, sai ya sa mu a jirgin ƙarfe 5:30 na yammacin ranar. Hankalina ya ƙi kwanciya. Za mu same shi kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Da gaskiyarka, Malam, a canza wannan tikiti.

Tsakanin filin jirgi na Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe kusan kilomita 365 ne a miƙe. Jirgi irin Boeing 737 kan yi minti 45 zuwa 55 a sama, domin hawa da sauka suna cin rabin tafiyar, ga ƙa'idar rage gudu in yana ƙasa da ƙafa 10,000. Kamfanoni kan rubuta kamar awa ɗaya.

To amma wannan lissafin matuƙi ne, ba na fasinja ba. Kullum sai an zo mana da wannan magana ta "minti 45 ne", kuma ita ke jawo wa bayin Allah asarar miliyoyi. Mai yanka tikiti ya karɓi la'adarsa ya koma gida, kai za a bari da dattijo marar lafiya a bakin kantar tantance fasinja da aka rufe. Jirgin 5:30 ba a Kano ya wuni ba. Tun safe yake zirga-zirga, duk jinkirin da ya kwaso a Legas ko wani gari, fasinjan yamma ne ke biya. Ga shi Janairu tsakiyar hunturu ne. In hazo ya sauka har matuƙi ba ya hango hanyar sauka daga nisan da doka ta gindaya, ba zai sauka Kano ba, ko da kuwa gwamna ke jiransa. Sai a ɗage tafiya awa biyu, awa huɗu, ko a soke.

Ko da komai ya tafi daidai, kun sauka 6:30, ku jira kaya, ku tura Baba a keke zuwa ɓangaren ƙasashen waje, bakwai ta wuce. Jirgin waje ana son ka isa awa uku kafin tashi, kanta kuma akan rufe ta saura kamar awa ɗaya. Tun da tikiti biyu ne na kamfanoni daban, in na farko ya makara, na biyu ba ruwansa: zai rubuta ba ku zo ba, sai ku biya tara ko ku sayi sabon tikiti. Ranar ganin likita kuma ta wuce.

Ku kwana Abuja. In jirgin kuke so, ku ɗauki na safe, kwana ɗaya kafin tafiya. Ku lura kuma, daga Zariya sai kun yi wajen kilomita 150 zuwa arewa ta Kwanar Ɗangora, fiye da awa biyu, sannan jirgi ya dawo da ku kudu. Filin kwalejin koyon tuƙin jirgi da ke nan Zariya ba ya jigilar fasinja yau da kullum. In jikin Baba zai ɗauka, jirgin ƙasa daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa tashar Idu a Abuja, kilomita 186, ya fi kusa da ku. Magungunansa da takardun asibiti su kasance a jakar hannu, kada su shiga akwatin da za a auna.