Buroshi ko burushi? Da batun tozalin jarirai

Tambaya: Ina sayar da kayan kwalliya a Tudun Wada, Gusau, ina tallarsu a WhatsApp. Wata ta ce "buroshin hoda" da nake rubutawa kuskure ne, wai "burushi" ne daidai. Wanne zan rubuta, kuma wane iri zan saro?

Amsa: 'Yar'uwa, dukanku kuna da gaskiya. Kalmar aro ce, bakin Bahaushe ya sa mata wasula, wasu suka ce buroshi, wasu burushi. Zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. Sai dai ki riƙa faɗin na mene ne, na hoda ko na gira, kada a aiko miki neman na goge haƙora. Wajen sari, ja gashinsa a hankali, in ya biyo hannunki ki ajiye. Mai gashin roba ya fi dacewa da hoda mai ruwa, ya fi sauƙin wanki.

Tambaya: Surukata ta kawo tandu da tozali daga ƙauye don jaririna. Ni kuma na ga na kanti mai kwalba. Wanne ya fi?

Amsa: Maman jariri, ni dai ba zan sa masa ko ɗaya ba. Tozali, ko kwalli, irin na dutsen nan mai sheƙi da ake niƙawa, galibi dalma ce a cikinsa. A 2012 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ba da rahoton cewa an gwada wanda aka kai daga Nijeriya ake sa wa wani jariri a Boston, aka tarar kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba: a 2010 gubarta, daga niƙan duwatsun zinare, ta hallaka yara akalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, gubar ta taru a jini ta taɓa ƙwaƙwalwa, alhali ba a ga alamar komai ba tukuna.

Na kantin ma kyan kwalba ba shaida ba ce. In don idonki ne, nemi mai lambar NAFDAC, kada kuma ku yi tarayyar tsinke ɗaya da kowa, ciwon ido yana bin sa.

Ita Hajiya kuwa, karɓi tandun hannu bibbiyu ki gode mata, ki bar maigida ya yi mata bayani, ɗanta ne. In har an jima ana sa wa yaron, ku je asibiti ku nemi a gwada jininsa.