Ku Tambaya Mu Amsa: Zinaren da Ke Sauya Launi a Ɗakin Gwaji

Tambaya daga wata ɗalibar ilimin sinadarai a Agege, Legas: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa ƙananan ƙwayoyin zinare don in lulluɓe su da saikulodekstirin, wani zoben sukari, in riƙa gano sinadarai a ruwa. Sau uku ke nan ruwan yana fitowa shunayya, wani lokaci toka-toka, ba ja ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Launin da kike gani yana nuna ƙwayoyin sun dunƙule, ko girmansu ya bambanta. Fara da kwalabe. A wanke filas da sandar motsawa da akwa-rijiya, wato kashi uku na asid haidurokulorik da kashi ɗaya na asid naitirik, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau. Kada a toshe kwalbar wannan haɗin, iska yake fitarwa. A ɗauraye sosai da ruwan da aka tace wa gishiri kaf. Ruwan famfo ko na leda ba ya wannan aiki.

Hanyar masani Turkevich ta 1951, wadda wani masani Frens ya gyara a 1973, ita ce mafi sauƙi. Ki narkar da miligiram 39.4 na gishirin zinare, HAuCl4·3H2O, a ruwa mililita 100, ƙarfin milimola 1 a kowace lita ke nan. Da cokalin roba ko na gilashi za ki ɗebe shi, domin yana cin ƙarfe, kuma ki yi hanzarin awo: yana tsotsar laima, ga Legas ba ta rabo da ita, sai ki auna ruwa kina zaton zinare ne. Idan ruwan zinaren ya tafasa ana motsa shi da ƙarfi, ki zuba mililita 10 na sodiyam sitiret, miligiram 114, a lokaci guda. A nan mutane da yawa ke kuskure, suna ɗiga shi kaɗan-kaɗan, sai wasu ƙwayoyin su riga wasu girma. Ruwan ɗorawan zai washe, ya yi duhu, sannan ya koma ja kamar zoɓo. Ki bar shi minti 10 zuwa 15 yana tafasa. Ki tada janareta tun kafin ki fara, don ɗaukewar wuta a mintunan farko ɓata haɗin take yi. Za ki samu ƙwayoyi masu faɗin kusan nanomita 13 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), da suka fi shan haske a nanomita 520.

Sai lulluɓin. Beta-saikulodekstirin zobe ne na gulukos bakwai, cikinsa na ƙin ruwa, don haka yake karɓar baƙon sinadari mai maiƙo da ya dace da raminsa. Amma ba ya riƙe zinare da kyau sai an ɗaura masa hannun farar wuta, wato tayol. Ki zuba mai tayol ɗin bayan ruwan ya huce, ki bar shi yana motsi ya kwana, sannan ki juya shi a santirifuj, na'urar da ke wulwula ruwa har ƙwayoyin su kwanta ƙasa, gudun wajen 13,000 a minti, na tsawon minti 20 zuwa 30, ki zubar da ruwan sama. Wannan wankin ba a tsallake shi, domin zoben da bai manne ba zai riga na jikin zinare cafke baƙon, gwajin ya yi shiru. Ki adana a firji, a duhu. Kada ya daskare.

Tambaya daga wani ma'aikacin ɗakin gwaji a Idi-Araba: Na ɗiga ruwan rijiya a ruwan ƙwayoyin zinarena ya koma shuɗi nan take. Na gano gurɓata ke nan?

Amsa: Da sauranka, ɗan'uwa. Shuɗin bai ce komai ba illa ƙwayoyin sun matso juna, shan hasken ya koma wajen nanomita 600 zuwa 700. Gishirin girki kawai ya isa ya jawo haka, domin yana danne cajin da ke hana su haɗuwa, kuma rijiyar da ke kusa da teku ba ta rasa gishiri. Tsamin ruwa ma yana yi.

A gwajin gaskiya, baƙon ne ke zama gada. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne zoben kirawun-ita 15-5: sodiyam na shiga zobe ɗaya ya zauna, launi bai motsa ba, shi kuwa fotasiyam ya fi ƙarfin ramin, sai zobe biyu su rufe shi sama da ƙasa, su jawo ƙwayoyi biyu wuri guda. Kukurbituril, wani zoben sinadari mai siffar kabewa, halinsa daban: shi da kansa yake manna ƙwayoyin da tazarar nanomita 0.9, ko babu baƙo. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka ya gano wani abu.

Don haka ka jera kwalba uku: ƙwayoyi marasa zobe da ruwan rijiyar, masu zobe da tsabtataccen ruwa mai gishiri daidai da na rijiyar, sai masu zobe da rijiyar da ka ƙara mata sanannen adadin abin da kake nema. Kada ka dogara da ido. Ka auna shan haske a nanomita 650 ka raba da na 520, a lokaci iri ɗaya bayan haɗawa kowane karo, misali minti na biyar, saboda dunƙulewar ba ta tsayawa. Idan kwalba ta farko ma ta yi shuɗi, ka tsinka ruwan rijiyar ninki goma ka sake.